Butar da Ke Bakin Lungunmu

Da hannuna na goge butar nan, ba wanda ya tilasta ni, kuma ranar har ƙarin koko na sha don jin daɗin abin da na yi. Ban san da ita mahaifina yake gane hanyar gida ba.

Zanen butar shayi ne, shuɗiya, a jikin bangon da ke bakin lungunmu, can cikin birni ta wajen Goron Dutse. Tsayinta ya kai ƙirjin mutum. Wanda ya zana ta magidanci ne a unguwar, sana'arsa yi wa manyan motoci rubutu da ado, shi ya sa kowa Mai Fenti yake ce masa. Shi da abokansa suna da majalisa a gindin bangon, nan suke dafa shayi bayan la'asar suna musun ƙwallo. Wata rana ya dawo daga aiki da ragowar fentin wata mota, ya ce bari ya yi wa majalisarsu alama. Bangon kuwa bayan gidan wani Alhaji ne da ya tashi ya koma sabuwar unguwa ya bar 'yan haya, kuma babu wanda ya nemi izininsa.

Ni malamin firamare ne, kuma ina da saurin fushi, ban taɓa ɓoye wannan ba. Shekara goma sha takwas na yi ina hana yara rubutu a jikin benci. Shi kansa Mai Fenti ya bi ta ajina a shekarata ta farko, har bulala na yi masa saboda ya cika bayan littafin lissafinsa da hoton tirela. To ga shi ya girma, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyu, ya zo ya kafa min buta a hanyar da nake bi sau huɗu a rana. Shekara uku na yi, duk wucewa sai na harare ta.

Baba a lokacin ya haura tamanin. Tsohon ɗan kasuwar turare ne, da ƙuruciyarsa ya sha zuwa Damagaram da Agadas. Tunaninsa ya fara zamewa a hankali. Sai ya kira ni da sunan ƙaninsa da ya rasu tun ban shiga makaranta ba, ko ya tambayi Umma, mahaifiyarmu, ina carbinsa alhali yana hannunsa. Asuba da isha'i ya daɗe da dawo da su gida saboda ido, amma azahar da la'asar da magariba a masallaci yake yi, shi kaɗai yake zuwa da sandarsa, shi kaɗai yake dawowa. Tafiyar ba ta da nisa, sai dai akwai bakin lungu huɗu a jere, namu ne na uku, duk faɗinsu ɗaya, duk da kwata a tsakiya. Sau ɗaya na ce zan riƙa raka shi. Ya dube ni ya ce, "Ranar da kuka fara kama min hannu zuwa masallaci, ku wuce kasuwa ku sayo likkafani." Ban sake tayar da maganar ba. Rumfar turare ta koma hannun Yaya, babban wanmu, gida kuma Umma ke juya shi. Wannan 'yar tafiyar ce kaɗai ta rage wa Baba.

Sai sojoji suka ce za su koma bariki. Mun daɗe baki a rufe, da aka ce kowa ya yi magana, sai maganar ta fito a jikin bango. Kafin a gama zaɓe babu bangon da ya tsira a unguwarmu. Fasta a kan fasta, sunan ɗan takara da baƙin mai, alamar jam'iyya da gawayi, wani ya zo ya soke ya rubuta nasa a ƙasa. Akwai dattijon da aka rubuta wa zagi a ƙofar gida, jikokinsa suna fitowa makaranta suna karantawa. Wannan har gobe ɓarna nake ce masa, kuma ba zan canza ba.

Da aka rantsar da sabon kansila, ya kafa kwamitin tsabtar unguwa, aka ba ni sakatare saboda rubutuna yana da kyau kuma bakina ba ya mutuwa. Muka yi taro a ƙofar gidan mai unguwa. A kan fasta da zagi ba a yi musu ba, kowa ya ce a goge. Ni ne na tsoma butar a ciki.

Mai Fenti ya miƙe ya ce, "Malam, butar nan ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma neman ƙuri'a. Ku ɗaga kai ku dubi soron mai unguwa. Magina sun yi keke, sun yi agogo, sun yi takobi, shekara da shekaru ana cewa zayyana. Ni na yi buta an ce ƙazanta."

"Magini mai gida ne ya kira shi," na ce. "Kai wa ya kira ka? Bangon ubanka ne?"

Tun kafin in rufe baki na san maganar ta fi ƙarfin wurin, amma ban janye ba. Wani tsohon tela ya ce a bar ta, tana haska lungun. Na'ibin liman ya ce shi dai tunda ba mai rai ba ce, ba shi da ta cewa. Wani kuma ya ce in aka bar buta, gobe wani zai zo da tukunya. Na ce doka ɗaya ce, in za a goge a goge duka. Da yake dimokuraɗiyya sabuwa ce a hannunmu, kowa yana ɗokinta, aka ce a ɗaga hannu, muka yi rinjaye. Mai Fenti ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, ya dube ni, ya fasa ya zauna.

Ranar Asabar muka fito da bokitan farar ƙasa da burushi. Fasta ta fita da ruwa, gawayi ya ɓata da shafa ɗaya. Butar ce ta ƙi, da yake fentin mai ne. Sau uku ina shafa mata farar ƙasa tana leƙowa, sai na ari cokalin gini na kankare ta daga jikin simintin, sannan na shafe. Kafin azahar lungunan nan huɗu sun yi fari tas, ba ka bambance ɗaya da ɗaya. Na tsaya na riƙe ƙugu ina kallo.

Baba ya fita azahar kamar kullum. Ni na idar na wuce gidan mai unguwa rubuta rahoton kwamiti. Ina can Umma ta aiko a kira ni, wai an sauko tun ɗazu, abincinsa ya huce, bai shigo ba.

Ban taɓa sanin unguwarmu tana da lunguna da yawa haka ba sai ranar. Muka rarrabu, ni da Yaya da maƙwabta, muna leƙa soraye, muna tambayar masu kanti. Wani ya ce ya gan shi yana shiga lungu na biyu yana fitowa. Wata mai sayar da ƙuli ta ce ya wuce ta yana magana shi kaɗai. Sai bayan la'asar wani mai babur ya zo da saƙo daga Ƙofar Ruwa. Wani dattijo mai sayar da rodi, wanda ya san Baba tun zamanin kasuwa, ya gan shi yana tafiya a rana, ya zaunar da shi ya ba shi ruwa.

Na same shi a kan benci, ƙafafunsa sun yi buɗu-buɗu, ya jingina haɓa a kan sanda. Da ya gan ni ya gyara hula ya ce wa mai rodin, "Na gaya maka ai, wani na zo dubawa." Na ce haka ne, Baba. Muka shiga tasi. Da muka yi nisa ya matso kusa da kunnena don kada direba ya ji, ya ce, "Na zo ban tarar da lungun ba." Na ɗauka ruɗewa ce kawai, na riƙe hannunsa, ya zare.

Yaya ya yanke hukunci a tsakar gida kafin magariba: ko Baba ya yarda a riƙa raka shi, ko ya riƙa sallah a soro. Ban ga laifinsa ba, ni ma tsoro ya kama ni. Baba bai yi gardama ba, ya ce a shimfiɗa masa buzu a soron. Kwana huɗu haka. Duk kiran sallah sai ya yi alwala, ya sa babbar riga, ya ɗauki sanda, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon masu wucewa, sannan ya juyo ya hau buzunsa. Abinci kuwa sai ya taɓa loma biyu ya ture kwanon. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa cikin kwana huɗu irin haka ba, kuma abin ya tsaya min a rai.

A rana ta biyar na shiga gaida Umma da safe, tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wai ni kam, a shafe-shafen nan naku, ba ku taɓa butar ba dai ko?"

Na ce wace buta.

"Ta bakin lungu. Shekara biyu ke nan yana ce min in ya ga buta sai ya karya, ya bi inda bakinta ya nuna. Ya ce kada in faɗa muku, kada ku ce ya ruɗe. Ni na ji an ce rubutun 'yan siyasa za ku goge."

Na zauna a kan turmi. Garin neman gira na rasa ido. Na gaya mata gaskiya. Ba ta yi min faɗa ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce, "To ka san inda mai ita yake," ta ci gaba da tsintarta.

A garejin da yake aiki na same shi, a kan tsani, yana yi wa bayan wata mota furanni. Tun ranar Asabar majalisarsu ta yi fushi ta koma wani wuri. Na yi sallama, ya amsa, ya sauko yana goge hannu da tsumma. Na faɗi abin da ya kawo ni ina kallon tayar motar, na kuma ba shi haƙuri kan maganar da na yi masa a taro. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma a ranar ban san a cikinmu wane ne wadan ba.

"Ai mun sani, Malam," ya ce. "Muna zaune muke ganinsa. Zai zo ya tsaya yana dube-dube, sai ya kalli butar, ya yi mana sallama ya shige. Mu mun ɗauka ku ma kun sani."

"To me ya hana ka faɗa a wurin taro?"

"Haba Malam. A gaban jama'a zan tashi in ce Baba ba ya gane gidansa?"

 Mutumin da na zagi ubansa a bainar jama'a shi ne ya rufa wa nawa uban asiri. Ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya mayar da abin wasa, ya ce, "Amma dai kwamiti ya amince? Kada in yi a sake kankarewa."

Wannan karon na bi ta ƙofa. Na gaya wa mai unguwa a keɓe, ya ce a yi. Na hau mota na je har gidan Alhajin mai bango, ya saurare ni ya ce, "Au, bangon nan har yanzu yana tsaye? Ku zana masa jirgin sama ma in kuna so." Shekara uku ina fushi a madadin mutumin nan.

Mai Fenti ya zo da gwangwanaye shida da burushi iri-iri. Wuni ya yi. A shekara ukun nan hannunsa ya nuna, kuma ina jin so yake ya nuna wa tsohon malaminsa. Ya yi buta mai dogon wuya a kan faranti, da ƙananan kofuna uku, da tururi yana tashi, da haske a gefen cikinta har kana jin za ka iya ɗauka. Mutane suka taru suna kallo. Wanda ya ce gobe za a kawo tukunya ma sai da ya ce tubarkalla.

Na roƙi Yaya ya bari a gwada sau ɗaya. Ya yarda da ƙyar, da sharaɗin in bi Baba a baya ba tare da ya sani ba. Washegari Umma ta ce wa Baba yau ya tafi masallacinsa. Ya fita la'asar fuskarsa a sake. Da aka idar na bar tazara na biyo shi. Ya wuce lungu na ɗaya, ya wuce na biyu, ya iso gaban butar ya tsaya. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Masha Allah," ya gyaɗa kai, ya wuce gaba abinsa.

Na sha gabansa kamar daga wani wuri nake, na ce Baba mu ƙarasa tare. Ya biyo ni har gida. Yaya ya ce, "Ka gani ko? Ba buta ba ce, tsufa ne." Na ce a ba ni sau ɗaya kuma. Ya ce na ƙarshe.

Washegari na koma garejin na ce wa Mai Fenti, "Ta yi kyau da yawa. Waccan nake so."

"Waccan mummunar?"

"Ita."

Ya ce shi wallahi ba zai iya tuna ta ba, cikin raha ya yi ta, ko minti talatin bai ɗauka ba. Na ce ni zan tuna masa. Muka shafe mai kyan, yana kawar da kai kamar ana yanka masa akuya. Da bangon ya bushe, ya tsaya da burushi, na tsaya a bayansa.

Na ce shuɗin bai kai wannan duhu ba, a sirka. Na ce cikin ya kumbura ta hagu ya lotsa ta dama. Mariƙin ya yi ƙanƙanta, kuma bai haɗu da jikin ba ta ƙasa, akwai rata kamar yatsa biyu. Murfin ya karkace kamar hular da aka kafa a gefe. Bakin ya yi tsawo fiye da hankali, kuma bai ɗaga sama ba, miƙewa ya yi zuwa cikin lungun. Yana yi hannunsa yana gyarawa da kansa, ina cewa a'a, ɓata shi za ka yi. Ya ce bai taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Can ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam, ka ce ƙazanta ce, ashe haddace ta ka yi."

Saura abu ɗaya. A ƙasan tsohuwar akwai layi uku inda fenti ya tsiyaya, na tsakiya ya fi tsawo. Su suka fi ba ni haushi a da. Ya gwada, amma burushinsa ya saba da tsabta, ya ƙi ɗiga. Na karɓa na tsoma shi har wuya, na danna a bango sau uku. Fentin ya gangaro, ya kuma ɓata min hannun riga. Wasu 'yan ajina suna dawowa daga islamiyya suka tsaya suna kallon malaminsu, na ce su wuce.

La'asar ta yi. Majalisar ta dawo gindin bangon da kaskon gawayinsu, suna musun ƙwallo kamar ba abin da ake jira, amma babu wanda hankalinsa yake kan ƙwallon. Na biyo Baba daga nesa. Lungu na ɗaya, na biyu. Ya zo ya rage tafiya, ya ɗaga kai ya dubi bangon, bai ma tsaya ba. Ya ce, "Salamu alaikum, masu shayi," suka amsa baki ɗaya, ya karya ya shige lungunmu.

Na bi shi ina share fuska da hannun rigar da ta ɓaci. A ƙofar gida ya tsaya yana cire takalmi, bai waiwayo ba ya ce, "Tun daga masallaci nake jin takunka. Jiya ma na ji, shekaranjiya ma." Kwanakin ya haɗa su, amma sauran maganar daidai take. "Gobe kada ka biyo ni."

Na ce to, Baba.

Washegari na yi azahar a sahun baya, ana sallamewa na fito ta ƙofar gefe, na bi wata hanya na riga shi gida. Yaya ya zo daga kasuwa don wannan, ya zauna a soro yana duba agogo. Umma tana bayan labule, ina ganin ƙafafunta. Ƙafata sai neman ƙofa take yi, ina danne ta. Mai kanti ya wuce, tela ya wuce, na'ibi ya wuce ya yi mana sallama. Yaya ya miƙe ya ce a leƙa, na riƙe masa riga na ce mu ba shi ɗan lokaci. Mun yi tsaye haka har na fara jin ni ma zan saki.

Sai muka ji sandar, ƙwas, ƙwas, a kan dakalin maƙwabta. Ya yi sallama ya shigo, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, manya biyu a tsaye a soro da tsakar rana.

"Lafiya?" ya ce. "Ba ku da aikin yi ne?"

Ya jingine sandarsa, ya ɗaga murya ya ce wa Umma a kawo masa abincinsa, yunwa yake ji.